Adana Huhun Mamaci Domin Dashe: Matsalar Lokaci Tsakanin Likitanci da Fiƙihu

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin yadda likitoci suke adana huhun da aka ciro daga jikin mamaci har a dasa shi a ƙirjin majiyyaci, sannan ta duba hukunce-hukuncen shari'a da aikin ya taɓa. Abin da ta tsaya a kai shi ne, sababbin hanyoyin adana huhu sun sassauta ƙuncin lokacin da ya daɗe yana sa a ciro gaɓa alhali zuciya tana bugawa. Wannan sassauci ya buɗe ƙofa ga masu riƙe da ra'ayin cewa ba a yi wa mutum hukuncin mutuwa sai zuciyarsa da numfashinsa sun tsaya. An auna bayanin da yadda ake jana'iza da jinya a Kusada da Kankiya ta Jihar Katsina.

1.0 Gabatarwa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Malaman usulu sun daɗe da kafa cewa ba a yanke hukunci a kan abu sai an fahimci surarsa. Wannan ƙa'ida ta fi nauyi a mas'alolin likitanci na zamani, domin sau da yawa fatawa kan dogara a kan wani bayani na likita, bayanin kuwa yana iya canjawa bayan shekara goma ko ashirin. Dashen huhu yana cikin irin waɗannan mas'aloli.

A Kusada da Kankiya, kamar sauran garuruwan ƙasar Katsina, wanda ya rasu da asuba yawanci kafin hantsi ya dubi ludayi an yi masa sutura, an sallace shi, an kai shi makwanci. Wannan gaggawa tana da tushe a hadisin Abu Huraira da Buhari da Muslim suka ruwaito, wanda ya yi umarni da a hanzarta jana'iza. Shi ma likitan dashe gaggawa yake yi, amma tasa ta wani dalili ce dabam: daga lokacin da jini ya daina zagaya huhu, lalacewa ta fara. Tsakanin waɗannan gaggawa biyu akwai abu na uku da shari'a ba ta yarda a yi masa gaggawa ba, wato tabbatar da cewa mutumin ya mutu. A nan ne matsalar take.

2.0 Huhu da Dalilin Saurin Lalacewarsa

Huhu biyu ne a ƙirjin ɗan Adam. Na dama yana da sassa uku, na hagu yana da biyu. A cikinsu akwai ɗaruruwan miliyoyin 'yan jakunkunan iska, kowace da bango siriri ƙwarai, ta nan ne iskar oksijin take shiga jini, gurɓatacciyar iska kuma ta fita. Wannan siranta ita ce amfanin huhu, ita ce kuma rauninsa. Ruwa kaɗan ya taru a waɗannan jakunkuna, musayar iska ta tawaya.

Saboda haka huhu yake cikin gaɓoɓin da aka fi watsi da su. A ƙasashen da suke yin dashe, kusan ɗaya cikin biyar ne kawai na huhun masu bayarwa ake amfani da shi. Wanda ya yi haɗarin mota sau da yawa ƙirjinsa ya bugu. Wanda ya yi doguwar suma yana iya shaƙar amai. Wanda ya kwana da yawa a kan na'urar numfashi yana iya kamuwa da ciwon huhu. Ita kanta mutuwar ƙwaƙwalwa tana haddasa kumburi da taruwar ruwa a huhu.

Likita James Hardy ne ya fara dasa wa ɗan Adam huhu, a Jami'ar Misisipi ta Amurka, ranar 11 ga Yuni 1963. Majiyyacin ya rayu kwana 18. Abin lura shi ne, wanda aka ciro huhun daga jikinsa ciwon zuciya ne ajalinsa, kuma zuciyarsa ta riga ta tsaya. Sai bayan shekara ashirin, a watan Nuwamba 1983, Likita Joel Cooper da abokan aikinsa a Toronto ta Kanada suka yi dashen da ya ɗore, majiyyacin ya rayu fiye da shekara shida. A tsakanin waɗannan shekaru ne, a 1968, wani kwamiti na makarantar likitanci ta Jami'ar Harvard ya fitar da ma'aunin da aka san shi daga baya da mutuwar ƙwaƙwalwa. Daga nan mafi yawan gaɓoɓin dashe suka koma fitowa daga waɗanda ƙwaƙwalwarsu ta mutu, na'ura tana yi musu numfashi, zuciya tana ci gaba da bugawa.

3.0 Hanyoyin Adanawa

3.1 Ajiya a Ƙanƙara

Tsohuwar hanya, wadda har yanzu aka fi bi, ita ce sanyaya. Ana tura wani ruwa mai sanyi ta babbar jijiyar huhu ya wanke jinin da ke ciki. Wanda ya fi shahara shi ne mai suna Perfadex. Sai a hura wa huhun iska daidai gwargwado, a ɗaure maƙogwaronsa don iskar ta zauna, a sa shi cikin jakunkuna masu tsabta, a ajiye cikin kular ƙanƙara a sanyin da ya kai kimanin digiri 4 a ma'aunin Salshiyas. Hikimar ita ce sanyi yana rage aikin ƙwayoyin halitta, buƙatarsu ta abinci da iska ta yi ƙasa.

Wannan hanya tana ba da awa shida zuwa takwas. Cikin wannan wa'adi za a ɗauko huhun daga asibitin da aka ciro shi, a kai shi wani gari, a buɗe ƙirjin majiyyaci, a ɗinke jijiyoyi da hanyar iska. Shi ya sa ake yin dashe da tsakar dare, ana ɗaukar hayar jiragen sama. A watan Satumba 2021 ma an ɗauki huhu da jirgi marar matuƙi tsakanin asibitoci biyu a Toronto, tafiyar da ta ɗauki kimanin minti shida. Aibin ƙanƙara biyu ne: tana iya daskarar da gefen huhun da ya jingina da ita, kuma ba ta bayyana wa likita ko huhun zai yi aiki. Sai an dasa ake gani, kuma kwana uku na farko su ne mafi haɗari.

3.2 Renon Huhu a Wajen Jiki

Hanya ta biyu likitoci suna taƙaita sunanta da EVLP, ma'anarta kuwa renon huhu a wajen jiki. Ana ɗora huhun cikin wani akushi na roba mai haske, a haɗa shi da na'urar numfashi da famfo, a ɗumama shi a hankali har ya kai zafin jiki, digiri 37, a riƙa zagaya masa ruwa mai ɗauke da sinadaran abinci da magunguna. Mai kallo zai ga huhu yana kumbura yana saɓewa a kan tebur. Likitoci suna auna yawan oksijin da yake zubawa cikin ruwan, su ɗauki hotonsa, su leƙa cikinsa da siririn bututu mai kyamara. Yawanci ana yin haka na awa huɗu zuwa shida.

Farfesa Stig Steen na Jami'ar Lund a Suwidin shi ne ya fara amfani da wannan dabara a kan ɗan Adam, a shekarar 2000, aka wallafa rahoton a 2001. Mai bayarwar mutum ne da zuciyarsa ta tsaya a asibiti, ƙoƙarin farfaɗo da shi ya faskara. An sanyaya huhun yana cikin ƙirjin gawar ta hanyar bututu, daga baya aka ciro shi, aka gwada shi a na'ura, aka dasa. Likitocin Toronto, ƙarƙashin jagorancin Shaf Keshavjee da Marcelo Cypel, suka inganta dabarar. A rahotonsu na 2011, cikin huhun masu bayarwa 23 da ake shakkar ingancinsa, na mutum 20 ya tsallake gwajin awa huɗu aka dasa shi, sakamakon kuma ya yi kama da na huhun da tun farko ba a yi shakkarsa ba.

3.3 Ajiya a Digiri 10

Hanya ta uku sabuwa ce, kuma ta fi sauƙi. Bincike ya nuna cewa huhu ya fi jure ajiya a digiri 10 a kan ƙanƙara, domin a wannan sanyi sassan da suke samar wa ƙwayar halitta ƙarfi ba su cika lalacewa ba. A 2023 aka wallafa gwajin da aka yi wa majiyyata 70 a Toronto da Biyana da Madrid, inda aka ajiye huhun da ya iso da dare a firji na musamman, aka jinkirta dashen zuwa safiya, ba tare da sakamakon ya yi muni ba.

Abin da waɗannan hanyoyi suka haɗu a kai shi ne sun tsawaita wa'adi, kuma ta biyunsu ta ba da damar a gwada huhu kafin a jefa ran majiyyaci cikin haɗari.

4.0 Asalin Hukuncin Dashe

Malaman zamani sun yi saɓani a kan ɗaukar gaɓar mamaci. Waɗanda suka hana, irin su Shaihu Muhammad Mutawalli Sha'arawi na Masar da Mufti Muhammad Shafi'u na Pakistan da Shaihu Ibn Usaimin na Saudiyya, sun kafa hujja da cewa jiki amana ne, mutum bai mallake shi ba balle ya bayar. Sun kuma dogara da karramawar da Allah Ya yi wa 'yan Adam, kamar yadda ya zo a aya ta 70 ta Suratul Isra'i, da hadisin Nana A'isha da Abu Dawuda da Ibn Majah suka ruwaito, wanda ya daidaita karya ƙashin mamaci da karya shi yana raye.

Waɗanda suka halatta sun dogara da girman ladan ceton rai da ya zo a aya ta 32 ta Suratul Ma'ida, da ƙa'idar larura, da ƙa'idar ɗaukar mafi sauƙin cuta biyu. Wannan shi ne matsayin Majalisar Manyan Malamai ta Saudiyya a ƙudurinta mai lamba 99 na 1402 bayan Hijira, da Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka a 1985, da Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi a ƙudurinta mai lamba 26 da ta zartar a Jidda a watan Fabrairu 1988. Ƙudurin Jidda ya gindaya sharuɗɗa: rayuwar mai karɓa ko wani muhimmin aiki na jikinsa ya rataya a kan gaɓar, mamacin ya yi izini kafin rasuwarsa, ko magadansa su yi bayan rasuwarsa, ko shugaba idan ba a san mamacin ba ko ba shi da magada, kuma kada a yi ciniki.

Ɗalibin da ya yi karatun zaure a ƙasar Katsina yana da masaniya da asalin wannan muhawara. A babin jana'iza na Muhtasar, Shaihu Halil ya kawo cewa ana tsaga cikin mamaci don ciro dukiya mai yawa da ya haɗiye, sannan ya ambaci hani a kan tsagawa don ciro ɗan tayi, tare da nuni ga fassarar da ta halatta idan ana fatan rayuwarsa. An ruwaito halaccin daga Sahnun, kuma shi ne matsayin Hanafawa da Shafi'awa. Masu sharhi sun danganta hanin da cewa a zamaninsu tsirar ɗan tayin abin shakka ce, ba a keta alfarmar mamaci saboda abin shakka. Wannan dalili yana da amfani a nan. Idan abin da ya hana shi ne rashin tabbas na amfani, to na'urar da take gwada huhu kafin dashe tana ƙarfafa rinjayen zato cewa abin da aka yi wa gawa ba zai tafi a banza ba.

5.0 Yaushe Mutum Ya Mutu?

Ko waɗanda suka halatta dashe sun haɗu a kan cewa ba a ɗaukar gaɓar da rayuwa ta rataya a kanta daga mai rai. Ɗauke huhu biyu daga wanda bai mutu ba kisa ne. Don haka komai ya koma ga tambayar lokacin mutuwa, wadda hukunce-hukuncen takaba da rabon gado da sallar gawa su ma suka rataya a kanta.

A nan manyan majalisun biyu suka rabu. Majalisar Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a ƙudurinta mai lamba 17 na zaman Amman a watan Oktoba 1986, ta ce ana hukunta mutum da mutuwa da ɗayan alamomi biyu: zuciya da numfashi su tsaya cak, likitoci su tabbatar ba za su dawo ba, ko dukkan ayyukan ƙwaƙwalwa su tsaya, ƙwararru su tabbatar ba za su dawo ba, ƙwaƙwalwar ta fara ruɓewa. Majalisar Rabiɗa kuwa, a zamanta na Makka a watan Oktoba 1987, ta halatta cire na'ura daga wanda likitoci uku ƙwararru suka tabbatar ƙwaƙwalwarsa ta mutu, amma ta ce ba a yi masa hukuncin mutuwa sai numfashi da zuciya sun tsaya gaba ɗaya bayan cirewar. Hujjar wannan ɓangare ita ce rayuwarsa yaƙini ce, shakka kuwa ba ta gusar da yaƙini.

Shekaru da dama wannan saɓani yana nufin cewa mai bin ra'ayin Makka ba shi da hanyar ba da huhu ko karɓarsa da natsuwa, tunda likitoci sun saba ciro shi zuciya tana bugawa. Abin da ya canja shi ne fahimtar wata ɗabi'a ta huhu. Hanta da zuciya da ƙoda jini ne kaɗai yake kai musu oksijin. Huhu kuwa yana iya samunta kai tsaye daga iskar da ke cikin jakunkunansa. Binciken Likita Thomas Egan a Amurka a farkon shekarun 1990 ya nuna cewa huhu yana jure wani ɗan lokaci bayan tsayawar zuciya, musamman idan akwai iska a cikinsa. Da na'urar reno ta zo, sai ya zama ana iya ciro huhu bayan zuciya ta tsaya, a gwada shi, a san ko ya tsira. A yau cibiyoyi da yawa a Turai da Kanada da Ostareliya suna dasa irin wannan huhu, sakamakonsa kuma yana daidai da na wancan.

Ga surar da take fitowa daga nan. Mutum ya yi haɗari, likitoci uku suka tabbatar ƙwaƙwalwarsa ta mutu, akwai izininsa ko na magadansa. Aka cire na'ura, kamar yadda majalisun biyu suka halatta. Zuciya ta tsaya. Aka jira, aka tabbatar. Sannan aka ciro huhun aka ɗora shi a na'urar reno. A wannan sura sharaɗin Amman ya cika, na Makka ma ya cika. Fita daga saɓani kuwa abin so ne a wurin malamai.

Sai dai akwai wurare uku da suke buƙatar taka-tsantsan. Na farko, tsawon jira bayan tsayawar zuciya. A Birtaniya da Kanada minti biyar ne, a Italiya minti 20. Dalilin jiran shi ne zuciya takan sake motsawa da kanta na ɗan lokaci. Wani bincike da aka wallafa a 2021, wanda ya bibiyi majiyyata sama da 600 a Kanada da Holan da Jamhuriyar Cek, ya samu cewa mafi tsawon lokacin da zuciya ta yi a tsaye sannan ta sake motsi shi ne minti huɗu da daƙiƙa 20. Fiƙihun Malikiyya ya san irin wannan jira, domin Halil, bayan ya ambaci son gaggauta shirya mamaci, ya keɓe wanda ya nutse a ruwa, masu sharhi kuma suka haɗa da wanda gini ya faɗa wa da wanda ya mutu farat ɗaya, don tsoron kada a binne mai sauran numfashi. Tunda huhu yana jure jira, babu dalilin da zai sa ƙasar Musulmi ta zaɓi mafi gajeren wa'adi.

Na biyu, a ƙasashen Yamma mafi yawan irin wannan bayarwa tana fitowa ne daga majiyyatan da ƙwaƙwalwarsu ba ta mutu ba, an dai yanke ƙauna daga warkewarsu. Cire na'ura daga irin wannan majiyyaci mas'ala ce dabam, ƙudurorin 1986 da 1987 ba su yi magana a kanta ba, bai kamata a shigar da ita ƙarƙashinsu ba tare da sabon nazari ba. Na uku, wajibi ne likitocin da suka tabbatar da mutuwa su zama dabam da masu dashe, don toshe ƙofar tuhuma.

6.0 Rassan Mas'alar

Jinkirin jana'iza. Abin da yake riƙe gawa shi ne aikin ciro gaɓar, wanda yake ɗaukar 'yan awoyi. Da zarar an ɗinke ƙirji, ana miƙa gawa ga iyalai. Awoyin da huhu zai yi a na'ura ko a firji ba su hana wanka da salla da binnewa. Malikawa suna sallatar gawa idan mafi yawan jikinta yana nan, rashin huhu bai taɓa ingancin sallar ba.

Huhun da aka ƙi. Ba duk huhun da aka rena yake cin gwaji ba. Wanda ya faɗi yanki ne na jikin ɗan Adam, alfarmarsa tana nan. Ba a yi masa wanka ko salla, amma a naɗe shi a ƙyalle a binne. Ƙona shi tare da sharar asibiti bai dace ba, haka nan riƙe shi don bincike yana buƙatar izini na musamman, domin izinin dashe bai ƙunshi wannan ba. Haka hukuncin yake ga lalataccen huhun da aka cire daga majiyyaci.

Tsarki. Ra'ayin da aka rinjayar a mazhabar Malik shi ne ɗan Adam mai tsarki ne a raye da a mace. Don haka babu matsala a sallar wanda aka dasa wa huhu. Akwai kuma maganin hana daskarewar jini mai suna hefarin, wanda ake amfani da shi a wannan aiki, mafi yawansa kuwa daga hanjin alade ake tace shi. Inda babu madadi, hukuncin larura yana aiki gwargwadonta.

Kuɗi. Ladan likita da kuɗin na'ura da jirgi ijara ce a kan aiki, halal ce. Farashi a kan huhun kansa haramun ne, hadisin Buhari a kan wanda ya sayar da ɗa ya ci kuɗinsa ya isa gargaɗi. Tsawaita wa'adin ajiya yana nufin gaɓa za ta iya yin tafiya mai nisa, wannan kuwa yana ƙara buƙatar sa ido don kada gaɓoɓin talakawa su riƙa kwarara zuwa ga mawadata. Sanarwar Istanbul ta 2008 a kan fataucin gaɓoɓi saboda wannan tsoro aka yi ta.

Bayarwar mai rai. Akwai hanyar da ba ta buƙatar doguwar ajiya: mutum biyu masu rai kowa ya ba da sashe ɗaya na ƙasan huhunsa. An fi yin haka a Japan. A watan Afrilu 2021, a asibitin Jami'ar Kiyoto, miji da ɗa suka ba wata mata da cutar korona ta lalata wa huhu. Sashen da aka cire ba ya sake tsirowa, mai bayarwa yana rasa wani kaso na ƙarfin numfashinsa har abada, don haka auna cuta da amfani ya fi tsanani a nan.

7.0 Inda Mas'alar Ta Shafi Kusada da Kankiya

Dashen huhu bai kafu a Najeriya ba. Dashen da ya kafu shi ne na ƙoda, wanda aka fara a asibitin St. Nicholas na Legas a 2000, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya bi baya a 2002, kuma daga masu rai ake karɓa, yawanci 'yan uwa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta cinikin gaɓoɓi, ta kuma amince mutum ya yi wasiyyar bayar da gaɓarsa bayan rasuwa. A watan Maris 2025 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta ƙaddamar da ƙa'idojin gudanar da dashe. Ke nan ƙofar karɓar gaɓoɓin mamata a buɗe take a doka, ko da aikin bai fara ba.

Kankiya tana kan babbar hanyar Kano zuwa Katsina, babban asibitinta yana karɓar waɗanda suka yi haɗari, waɗanda suka ji rauni mai tsanani a ka kuma ana wucewa da su Katsina ko Kano. Irin waɗannan su ne ake fara tunani a kansu a duk ƙasar da ta kafa tsarin karɓar gaɓoɓin mamata. Ranar da aka fara, uba daga Kusada da ɗansa yake kwance a kan na'ura ba littafin likita zai buɗe ba, limamin garinsu ko malamin da ya karantar da shi zai kira. Haka ma masu fita neman magani Indiya ko Masar ko Saudiyya, da 'yan ƙasar Katsina mazauna Turai da ake tambayarsu ko sun yarda a rubuta su cikin masu bayarwa. Ɗaliban Makarantar Koyon Aikin Lafiya ta Kankiya su ma za su gamu da waɗannan tambayoyi a wuraren aikinsu.

Malamin da aka kawo wa irin wannan tambaya yana buƙatar ya bincika abubuwa kafin ya amsa. Da wane ma'auni aka tabbatar da mutuwar, kuma likitoci nawa? Kafin tsayawar zuciya za a ciro gaɓar ko bayanta? Minti nawa za a jira? Wa ya ba da izini, kuma an yi masa tayin kuɗi? Yaushe za a miƙa gawa? Ina za a kai gaɓar idan ba ta yi ba?

Akwai kuma fiƙihun fifiko. Rabin waɗanda aka dasa wa huhu ne suke wuce kimanin shekara shida, suna shan maganin danne garkuwar jiki har ƙarshen rayuwa. Abin da yake cin huhun mutanen karkarar Katsina kuwa sananne ne: tarin fuka, wanda Najeriya take cikin ƙasashen da suka fi fama da shi, da hayaƙin itace a madafa, da taba, da ciwon huhu na yara. Maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, ana shan sa wata shida. Limamin da ya yi huɗuba a kan cewa wanda ya yi tarin mako biyu ya je gwaji, kuma wanda ya fara magani kada ya yanke, ya yi aiki da manufar kiyaye rai tun kafin a kai ga larura.

8.0 Kammalawa

Bayanin da ya gabata ya nuna cewa saɓanin malamai a kan mutuwar ƙwaƙwalwa yana nan, na'ura ba ta warware shi ba. Abin da hanyoyin adana huhu suka yi shi ne sun samar da surar da za a iya aiki a cikinta ba tare da an tilasta wa kowa barin ra'ayin da ya natsu da shi ba, wato a jira zuciya ta tsaya, a tabbatar, sannan a ciro huhu a gwada shi. Wanda yake ganin haramcin dashe daga asali yana da magabata, ba a zarginsa. Wanda yake ganin halacci kuwa sharuɗɗan Jidda suna kansa.

Ya kamata sassan nazarin addinin Musulunci da na shari'a a jami'o'in Katsina su zauna da likitocin Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina da na Kano, su tsara matsaya rubutacciya a kan tsawon jira bayan tsayawar zuciya, da lafazin izini, da yadda za a binne gaɓar da ba a dasa ba. Yin haka tun yanzu ya fi a bari sai iyali suna tsaye a ƙofar ɗakin jinya ana neman fatawa cikin minti kaɗan.

Allah ne Mafi sani.